Baƙar Monita da Hannuwan Malam Dauda

Ɗana Nasiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan lokacin da hannunka zai kai ga wannan takarda ka riga ka sauka Kaduna lafiya, ka sami masauki, ka sa wani abu a cikinka. Allah Ya tsare min kai a hanya da bayan hanya, Ya haɗa ka da abokan aiki na kirki, Ya sa albarka a aikin da ka samu. Babanku yana sa maka albarka, yayyenka suna gaishe ka.

Ba labarin gida zan ba ka ba, yanzu ka baro shi. Kuma kada ka zaci wasiƙar lallashi ce. Raina a ɓace yake da kai. Na danne ne kawai don ba na so in sallame ka da faɗa a bakin mota, shi ya sa na zauna na rubuta na cusa maka a jaka.

Ka tuna ranar da Goggonka Ladi ta taso tun daga Inkil a keke napep, rungume da laftof ɗinta, bayan ta haɗa ta da talabijin ɗinta don ta nuna wa maƙwabta bidiyon saukar karatun jikarta, hoto ya ƙi fitowa? Ina kicin, ina jin ku. Ko kanka ba ka ɗaga daga waya ba, ka ce mata, "Goggo, me kika taɓa? Ai ku matsalarku ke nan, ba kwa barin abu yadda aka saita muku." Na ji ta yi 'yar dariyar kunya tana cewa, "Wallahi ban taɓa komai ba, ɗan nan." Matar da ta yi aikin jinya har ta yi ritaya, ta karɓi haihuwar yaran unguwarsu ba iyaka, ita ce take rantse maka kamar an kama ta da kayan sata. Ka gyara mata, na sani. Amma ba ka gaya mata abin da ya faru ba, ka miƙa mata kayanta ta tafi tana ganin ita ce mai laifi. Kafin ka shiga ofis ranar farko, ka kira ta ka ba ta haƙuri. Wannan umarni ne, ba shawara ba.

Sai da na ajiye ludayin da ke hannuna ranar, don na taɓa jin wannan magana, kusan kalma da kalma, kuma ni aka gaya wa. Yanzu ga shi kamfani ya ɗauke ka ka kula da kwamfutocin mutane. To ka zauna ka karanta. Lokacin da abin ya faru kana jami'a, gutsure kawai ka ji.

A makarantar kurame da na koyar, ajina aka fara ba wa laftof da babbar monita. Wata ƙungiya ce ta kawo don a gwada. Aka kafa monitar a bango, faɗinta ya kusa na ƙofa. Kai mai ji ba lallai ka gane abin da wannan yake nufi ba. Yaron da ba ya ji, da ido yake saurare. In na juya baya ina rubutu a allo, na yi shiru ke nan. In yana layin baya bai hangi yatsuna ba, darasi ya wuce shi. Da monitar nan ta zo, na baya da na gaba suka zama ɗaya.

Amma abin da ya fi monitar daraja shi ne abin da muke nunawa a cikinta. Ka tuna Malam Dauda, dogon nan da yake zuwa gidanmu da Sallah yana ba ku dariya ba tare da ya furta komai ba? Sanƙarau ne ya tafi da jinsa tun yana ƙarami. Ban taɓa ganin mai maganar hannu kamarsa ba. In yana tatsuniyar gizo, gizo kake gani, in ya koma kura har kafaɗunsa sukan sauya. Bayan an tashi daga makaranta nakan jingina wayata a kan littattafai, ya tsaya gabanta ya yi darasi. Lissafi, yadda ake alwala, yadda ake tsallaka titi, tatsuniyoyi, da alamun da kuramen garin nan suke yi wa wurare, na Wunti daban, na tasha daban, abin da ba za ka samu a kowane littafi ba. Duk wanda muka ɗauka sai in juye a laftof in goge na waya, don wayar ba ta da wuri. Da ya kwanta ciwo ya rasu, sai ya zama ta cikin bidiyoyin nan yake ci gaba da shiga aji. In fuskarsa ta bayyana a bango yara har tashi tsaye suke yi.

Wuri ɗaya tak na ajiye su. Ga filash rataye a makullina ina yawo da shi, kullum ina cewa gobe zan zuba su a ciki. Nasiru, duk abin da in ya ɓace ba za a iya sake yin sa ba, ka ajiye shi wuri biyu, ka ƙara na uku, kuma yau, ba gobe ba. Haka za ka riƙa damun mutanen ofishinku da wannan magana har su gaji da kai.

Aka sanar da mu cewa kwamiti zai zo daga ofishin da ke kula da mu a GRA, su ga ko gwajin ya yi amfani. In ya yi, sauran azuzuwa ma za su samu. Kwamfutar kuwa ta daɗe tana damuna da saƙo, wai akwai sabuntawa, abin nan da kuke cewa ofdet. Kullum sai in danna mata a bari sai an jima. Da safen ranar da za su zo na ce kada saƙon nan ya faɗo mana tsakiyar darasi gaban baƙi, bari in ba ta abin da take so mu rabu lafiya. Na danna. Ta yi ta juyi, ta mutu, ta tashi, ta sake mutuwa. Da ta gama, fuskar laftof tas, komai yana nan. Na ɗaga kai na dubi bango, baƙi ƙirin. Wani ɗan rubutu ne kawai yake yawo a kai, wai babu sigina.

Na zare wayar da ke haɗa su na mayar. Na kashe monita na kunna. Har hura bakin wayar na yi kamar mai hura gawayi. Ina cikin haka na ji tsayuwar motoci.

Cikinsu akwai jami'in da ke kula da kayan kwamfuta na ofishin, wanda kowa ke kira Injiniya. Matashi ne, bai girmi yayanka Kabiru ba, da katin aiki a wuya. Ya dubi bango, ya dube ni, ya ce, "Malama, me kika taɓa?"

Na ce, "Yallaɓai, sabuntawa ta nema, na ba ta."

Ya juya ga sauran yana murmushi. "Kun gani ko? Shi ya sa na ce kada a ba su irin waɗannan kaya. Ba sa barin abu yadda aka saita musu."

Ya danna nan, ya danna can, ya jijjiga waya, duk abin da na riga na yi. Da ya ga babu, sai ya ce wai ni na ƙona monitar.

Yaran ba su ji ko kalma ɗaya ba, amma babu abin da ya wuce su, don su fuska suke karantawa. Rahila, wata yarinya mai kaifin kai da ke zama a gaba, ta tambaye ni da yatsu a ƙasan tebur, "Me ya sa yake yi miki faɗa? Ba kin haife shi ba?" Na ce mata ba faɗa ba ne. Ta yi min kallon wadda ta san an yi mata ƙarya. Na roƙi kwamitin su zauna ko da a ƙaramar fuskar laftof su ga darasi ɗaya na Malam Dauda. Shugabansu ya dubi agogo. Ba su zauna ba.

Kuskurena a nan a fili yake. Ranar da kake da abu muhimmi ba ranar sabunta kwamfuta ba ce. Ka zaɓi ranar da ba ka da komai, ka kwafe kayanka tukuna, in ta gama ka gwada duk abin da ke haɗe da ita, monita, firinta, lasifika, sannan ka ce an gama. Amma ka ji ni da kyau, danna wannan maɓalli ba laifi ba ne. Na'urar ce ta matsa min, masu ƙera ta ne suka turo. Mutane suna zaune a wata uwa duniya, ba su taɓa jin sunan Bauchi ba, su shiga cikin kayan aikinka su sauya, su lalata abin da jiya yake aiki lafiya lau, ko sannu babu. Sannan wanda aka ɗauka aiki don ya tsaya tsakaninmu da su ya zo gaban ɗalibaina ya mai da ni jahila.

Da aka tashi ban nufi gida ba, zuciya ta ɗebe ni sai kasuwar Wunti. Ban daɗe da sauya wayar da ke haɗa laftof da monita ba, don tsohuwar ta fara tsagewa. A shagon Mista Chidi na saya, mutumin da shekara da shekaru muke sayen kayan wuta a wurinsa. Tun a cikin keke na gama yanke masa hukunci, wayarsa ce jabu, ita ta ƙona mana monita. Na shiga ko gaisuwa babu, na dangwara masa wayar a kan tebur gaban masu sayayya, na ce, "Ka cuce ni, ka cuci bayin Allah. Wannan irin kayan kake sayar wa mutane?"

Ya ce, "Hajiya, kai ka zauna tukuna. Bari mu gwada shi."

Ya haɗa tasa kwamfutar da talabijin ɗin shagon da wayar tawa. Hoto ya fito tar. Ya ce, "Ka gani? Waya lafiya. Ka kawo laftof naka mu duba." Kunya ta riga ta toshe min kunne. Na fizge wayata na fita.

Ka ga abin da na yi? Abin da aka ɗora min da safe, shi na ɗauka na je na sauke a kan mutumin da bai san hawa ba bai san sauka ba. Alhali da na nutsu, abubuwa uku ne kawai a gabana, laftof, waya, monita. Ka sauya ɗaya ka bar biyu, ka ga abin da zai faru. Ka sa wata waya. Ka haɗa laftof ɗin da wani talabijin. Ka kawo wata kwamfuta ka haɗa da monitar. Mai laifin zai fito da kansa, ba sai ka ci mutuncin kowa ba. Kada ka yarda ka ambaci sunan mutum kafin ka gama gwada kaya. Kuma ranar da na sama da kai ya wulaƙanta ka, don za a yi, ka lura da wanda za ka fara haɗuwa da shi bayan nan.

Ba a jima ba Injiniya ya dawo da mota, wai zai tafi da kayan duka a bincika. Yana naɗe wayar wutar monita na matsa kusa na ce, murya ƙasa-ƙasa, "Yallaɓai, akwai bidiyoyin wani malaminmu da ya rasu a ciki. Babu su a ko'ina sai nan."

Ya ce, "Malama, ke za ki koya min aikina?"

Ni da na tsaya gaban iyayen yara na yi musu faɗa a kan ɓoye 'ya'yansu a gida, ni ce yaro ya rufe wa baki da tambaya ɗaya. Filash ɗin yana cikin jakata. Da na ce ya dakata in kwafe, me zai yi min? Duka? Amma na riga na yarda a raina cewa ni na ɓata, kuma wanda ya ɓata ba ya ɗaga murya. Na tsaya ina kallo aka kwance monita daga bango, yara sun yi cirko-cirko a taga.

Da laftof ɗin ta dawo, direba aka ba ya kawo, ita kaɗai. Ya ce a gaya min an wanke ta. Na buɗe, fes kamar yau aka fito da ita daga kwali. Na shiga nan, na shiga can. Babu Malam Dauda. Na kira Injiniya. Ya ce, "Ai dole a wanke ta, ta rikice. Wa ya ce ki ajiye kayanki a kwamfutar ofis?" Na ce ba kayana ba ne, darasin yara ne. Ya ce yana mitin. Na ce monitar fa? Ya ce ta ƙone, an riga an sa a rahoto.

Ni na tsaya gaban aji na gaya musu. Babu alamar hannu ta cewa an wanke kwamfuta, sai na yi musu ta sharewa, yadda ake share allo. Wani yaro a baya ya tambaya ko Malam Dauda ya sake mutuwa ne.

Nasiru, a nan nake so ka tsaya. Gobe kai ne mai katin a wuya. Wata za ta matso kusa da kai ta ce, murya ƙasa-ƙasa, akwai wani abu a ciki. Ƙasa-ƙasan nan ba yana nufin abin ƙarami ba ne, yana nufin tana jin tsoronka. Ka ajiye abin da ke hannunka ka tambaye ta mene ne, ina yake, ka kwafe shi a gabanta, ka buɗe ta gani da idonta. Wanke kwamfuta shi ne abu na ƙarshe, bayan komai ya ƙi. Wanda ya fara da shi ba gwani ba ne, rago ne da ba ya so a gane bai san matsalar ba. In ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba, za ka bincika. Babu wanda aka taɓa kora don ya faɗi haka. In kuma kai ne a ƙasa, ka ga za a yi ɓarna, ka buɗe baki ka maimaita, ko za a ce ba ka da kunya.

Wata Asabar da hantsi na ce bari in haɗa laftof ɗin da talabijin ɗin falo, in ga ko zan iya shirya wani abu. Hoto ya fito. Na ce to, ko ba komai Injiniya ya gyara wannan. Na haɗa ta da intanet don in nemo hotunan darasi, na tafi kicin. Wannan karon ko tambayata ba ta yi ba, ta sabunta kanta, ta mutu ta tashi. Ina dawowa na tarar da talabijin baƙi ƙirin, ga ɗan rubutun nan yana yawo, babu sigina.

Na zauna a hannun kujera. Talabijin ɗin gidana dai ban ƙona shi ba, yanzu-yanzu yake aiki. Waya lafiyarta ƙalau, an gwada a gabana. Ashe wankin da aka yi bai taɓa ciwon ba, tsohon saiti kawai ya dawo da shi, da sabuntawar ta sake shigowa ciwo ya dawo. Na ɗauki wayata na rubuta abin da ke faruwa da Turancina na malamar makaranta. Sai ga mutane daga ƙasashe barkatai suna kuka iri ɗaya da nawa, masu irin laftof ɗina. Ashe ba ni kaɗai ce jahilar ba.

Na bi abin da suka ce, ɗaya bayan ɗaya. Na duba ko talabijin yana kan ƙofar da na sa waya. Na danna maɓallin nan mai alamar taga tare da harafin P, na zaɓi a nuna hoto a fuska biyu. Babu. Na ce ta nemo monita da kanta, ta ce ba ta ga komai ba. Sai na shiga inda aka jera kayan cikin kwamfuta, na nemo direban hoto, wannan 'yar manhaja da ke koya wa laftof yadda za ta yi magana da monita. Sabuntawar ce ta kawo sabo wanda bai jitu da ita ba. Ga maɓalli nan a fili, a koma na baya. Na danna. Fuskar ta ɗauke ta dawo, sai ga hoto a talabijin. Na shiga saiti na dakatar da sabuntawa. Shinkafar da na ɗora ko tsotsewa ba ta yi ba.

Ka san duk wannan, na sani, a makaranta aka koya maka. Injiniya ma an koya masa. Ban rubuto don in nuna maka hanya ba, na rubuto ne don ka ga ƙanƙantar abin da aka share hannuwan Malam Dauda a kansa.

Babanku ya shigo ya same ni ina kuka gaban talabijin mai aiki. Da na gaya masa ya ce, "Ki yi haƙuri, Allah Yana gani." Na ce, "Malam, haƙurin ne ya kawo ni nan."

Ranar Litinin na sa laftof da waya a jaka na hau keke zuwa GRA. Sakatariya ta ce in jira, ban jira ba. Ina tura ƙofar Injiniya na ga monitarmu a bango. Ba zan ɓata ta ba, akwai ɗigon koren fenti a gefenta tun lokacin da aka yi wa ajinmu fenti. Monitar da ta ƙone, ga ta nan tana nuna ƙwallo, shi da abokansa biyu suna kallo da lemo a gabansu.

Ya miƙe. "Malama, lafiya? Ai an samu an gyara ta ne, gwada ta muke yi."

Na ce, "Me ya lalace a cikinta? Wa ya gyara?"

Ya ce wannan magana ce ta masana. Na zare wayar ƙwallonsu, na sa tawa, na buɗe laftof. Hoto ya fito. Na ce, "Direban hoto ne, Yallaɓai. Baya ake mai da shi. Na gaya maka akwai aikin mamaci a ciki ko ban gaya maka ba?" Muryata ta kai har baranda, don sai ga Darakta ya shigo, dattijo mai furfura. Ya saurare ni har na gama, ya dubi bango, ya dubi Injiniya. Sannan ya ce, "Malama, an yi kuskure. Ki ɗauki kayanki, za a kai miki. Amma don Allah maganar nan ta tsaya a ɗakin nan, yaro ne, kada a ɓata masa aiki."

Na yarda. Na ƙi motarsu, na rungume monitar a keke kamar mai jinya har makaranta, yara suka fito suna ɗaga hannuwa suna kaɗawa, tafinsu ke nan. Na ɗauka na yi nasara. Ban tuna da rahoto ba. Rahoton da ya ce malamar ba ta iya riƙe kaya ba, ta ƙona monita, yana nan yadda aka rubuta shi, kuma shi aka aika wa ƙungiyar. Sauran azuzuwa ba su samu ba. Har na bar makarantar, ajina ne kaɗai mai monita. An tausaya wa aikin mutum ɗaya, ba a tausaya wa yaran makaranta guda ba, kuma da amincewata. In aka ce maka a rufe magana, ka tambaya, a kan wa za a rufe ta? Yafiya taka ce, kana iya bayarwa. Amma abin da aka rubuta na ƙarya, ka tsaya sai an gyara shi a rubuce kafin ka fita.

Na koma Wunti. A gaban mutane na ci mutuncin Mista Chidi, don haka sai da na jira shagon ya cika sannan na ba shi haƙuri. Ya yi dariya ya ce, "Ba komai Hajiya, ranan kai yana da zafi." Da ya ji labarin bidiyoyin dariyar ta ɗauke. Ya karɓi laftof ɗin ya kai wa wani ɗan'uwansa mai tono abin da aka goge. Sun yi iya yinsu, amma sababbin abubuwa sun riga sun hau kan tsofaffin. Sunayen bidiyoyin sun dawo, in ka danna ba sa buɗewa. Guda ɗaya ne ya buɗe, shi ma guntu. Malam Dauda ne ya matso yana gyara zaman wayar a kan littattafai, fuskarsa ta cika hoton, wayar ta zame, ya tare ta yana dariya, ya ja da baya ya gyara hula, ya ɗaga hannuwansa biyu. A nan ya yanke.

Manyan ɗalibai sun taimaka min mun sake ɗaukar abin da suka tuna. Rahila ta yi tatsuniyar gizo, ta yi ƙoƙari ƙwarai. Wasu alamun kuwa babu wanda ya riƙe, sun tafi.

Bara, dab da zan yi ritaya, Saratu matar Malam Dauda ta zo makaranta. Ita ma kurma ce. Tana riƙe da hannun 'yarsu Fa'iza, wadda tana goye ya rasu, ita kuwa tana ji tana magana. Saratu ta ce min da hannu, yarinyar ta fara tambayar babanta, an gaya mata akwai shi a kwamfutar makaranta yana ba da labari, ta kawo ta ta gani. Na ba su kujera. Na gaya wa Saratu gaskiya duka. Ta ce a sa wanda ya rage.

Na sa. Ya fito a bango, babba, yana dariya. Yarinyar ta sauko daga kujera ta matsa har gaban monitar. Ya gyara hula, ya ɗaga hannuwa, ya yanke. Ta ce a sake. Na sake. Ta ce a sake. Can ta juyo ta ce min, "Malama, me Babana yake cewa?"

Na ce mata, "Bai fara ba tukuna."

Wannan shi ne abin da ke cikin kwamfutocin da za a riƙa ajiye maka a tebur, Nasiru. Ba za ka gan shi daga waje ba.

Allah Ya tsare ka daga sharrin mutane, Ya tsare mutane daga sharrinka. Ya ba ka ilimi mai amfani da harshe mai taushi, Ya raba ka da girman kai. Ka riƙe salla a kan lokaci, ka ci abinci, kada ka hau babur babu hular kwano. Allah Ya kai ka lafiya, Ya zaunar da kai lafiya, Ya dawo min da kai lafiya. Na yafe maka duniya da lahira, Allah Ya yi maka albarka.

Wassalam,
Ummanka